"Ball" Ɗin Da Ba A Buga Shi Da Ƙafa

Ina aji uku a sakandare na karanta labarin Sindirela, na ga ɗan sarki ya gayyaci 'yan matan gari zuwa "ball". Na yi ta mamakin mai buga tamaula da takalmin gilashi! Ashe kalmomi biyu ne suka yi kama kawai. Wannan ta rawa daga Faransanci ta shigo, tushenta "ballare" na Latin, wato yin rawa. Liyafa ce ta dare, maza cikin baƙar kwat, mata cikin doguwar riga, ana takawa bibbiyu.

A Ingila akwai ta 'yan matan manyan gida, "debutante", waɗanda a da ake gabatarwa a fada, a san sun isa aure. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta soke gabatarwar bayan 1958. Ban ga laifinta ba.

Amurkawa kuwa "prom" ce tasu, gutsuren "promenade", zagayen da baƙi ke yi kafin a fara rawa. Ɗaliban ƙarshen sakandare ke yin ta, yaro ya ari mota, ya ɗaura wa yarinya fure a wuyan hannu.