Haƙƙin Gajiyayyu a Baitulmali: Daga Wace Taska Ake Ciyar da Tsoho da Makaho?

Malaman fiƙihu sun jera waɗanda nauyin ciyar da gajiyayye ke hawa kansu bi da bi: dukiyarsa idan yana da ita, sa'annan dangin da shari'a ta wajabta wa ciyar da shi, idan kuwa duk babu, sai nauyin ya koma kan Baitulmali. Matakin ƙarshen nan ya fi shafar mabiya mazhabar Malikiyya, domin ita ce ta fi ƙuntata da'irar dangi. A wurinta ciyarwa ta wajaba ce tsakanin iyaye da 'ya'yan cikinsu kawai, alhali Hanafiyya sun faɗaɗa ta zuwa kowane ɗan'uwa muharrami, Hambaliyya kuma suka rataya ta ga magada. Ke nan makahon da ba shi da uba ko ɗa mai hali ba zai kai wansa ƙara gaban alƙali Bamalike ya ci nasara ba. Ƙofar da ta rage masa ita ce ta hukuma.

Hujjar da ta fi shahara a babin tana cikin Kitabul Kharaj na Alƙali Abu Yusuf (ya rasu 182 B.H.), wanda ya wallafa wa Halifa Haruna Rashid. Ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya iske wani tsoho makaho, Bayahude, yana bara saboda jizya da buƙata da tsufa. Sai ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa, ya umurci ma'ajin Baitulmali da ya kula da shi da ire-irensa, ya kuma ɗauke musu jizya, yana mai ganin rashin adalci ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yasar da shi ranar tsufansa. An yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma aikin magabata ya ƙarfafi ma'anarta: Abu Ubaid ya kawo a Kitabul Amwal cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya aika wa gwamnansa na Basra, Adiyyu ɗan Arɗata, da irin wannan umurni.

To, daga wace taska? Jumhurun malamai ba su halatta bai wa wanda ba Musulmi ba kason matalauta na zakkar farilla, saboda hadisin Mu'azu da ya nuna ana mayar da ita ga matalautan Musulmi. Al-Kasani (ya rasu 587 B.H.) ya kasa Baitulmali gida huɗu a Bada'i'us Sana'i'i: zakka, humusi, haraji da jizya, sai gadon da babu magaji. A gida na huɗu ya sanya ciyar da wanda ya kasa nema kuma ba shi da mai ciyar da shi. Malikiyya kuwa sun bar fai'i da haraji ga ijtihadin shugaba, ya sarrafa su cikin maslaha. Bisa wannan, gwamnatin da ta tura gajiyayyu ga hukumar zakka ta naɗe hannu ba ta sauke nauyin ba, domin haƙƙinsu yana cikin kuɗin shigarta na gama-gari ma.

Aɗ-Ɗabari ya ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya hana kutare bara tare da yanka musu abin masarufi, ya bai wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima. Hanin da bayarwar tare suka zo, kuma wannan abin lura ne ga jihohin da ke kafa dokar hana bara a yau.

Haƙƙin yana da sharaɗi. A yarjejeniyar Khalid ɗan Walid da mutanen Hira a shekara ta 12 B.H., an yi alkawarin ciyar da tsohon da ya kasa aiki, da wanda wata musiba ta sama, da mawadacin da ya talauce, su da iyalansu, muddin suna zaune a ƙasar Musulunci. Idan suka ƙaura daga gare ta, ciyarwar ta faɗi.