Daga Ɗambatta zuwa Ƙofar Mata: nawa ne kuɗin kallon Pillars?

Ga matashin manomi a Ɗambatta ko Bichi, tikitin shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata shi ne ƙaramin abu a lissafi. Kuɗin mota zuwa birni da dawowa ne ke cinye aljihu, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Ga abinci, ga yinin gona da ya tafi in damina ce.

Shi ya sa ƙarin kuɗin ƙofa, komai ƙanƙantarsa, yakan fara korar ɗan ƙauye kafin ɗan birni. Gidan kallo na nan a bakin kasuwa, da janareta da benci, yana nuna Arsenal da Barcelona a farashin da bai kai na mota ba.

Amma Kano Pillars, zakarun Nijeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, suna da masoyan da ba sa jin tsada, balle ranar da Ahmed Musa zai taka leda.

Ko a Ingila an yi rigima kan ƙarin kuɗin ƙofa. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77, saboda tikitin fam 77. Masu kulob ɗin suka janye ƙarin.