Lamin Gey da dokar daidaita albashin ma'aikata

A zamanin mulkin mallaka, yaron da ya fi kowa ƙwazo a lakwal ta Damagaram ko ta Yamai, iyakar inda karatu ke kai shi ita ce makarantar Wiliyam Ponti ta ƙasar Senegal, wadda ta zauna tsibirin Gore kamin a maida ta Sebikotan. Can Bubu Hama ya yi karatu, haka Jori Hamani da Jibo Bakari. Amma takardar da ake ba su ba ta da daraja sai cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki. Mushen da ya fito Ponti yana iya koyarwa makaranta guda da bature, littafi ɗaya, allo ɗaya; ƙarshen wata kuwa kowa da nashi lissafi. Baturen yana da kuɗin zaman ƙasar waje, da kuɗin iyali, da hutu zuwa gida. Baƙin mutum akwai matakin da ba ya wucewa, ko da zai tsufa bisa aiki. Wanda ya fito makarantar likita ta Dakar ma ba a ce mishi likita kurum, sai an ƙara "na Afirka".

Lamin Gey ya san wannan bambanci tun daga ciki. An haife shi a 1891 a Medin, cikin ƙasar Mali ta yau, iyayenshi kuwa mutanen San-Luwi ne. Da koyarwa ya fara aiki, sannan ya tafi Faransa ya samu digirin dokta a fannin shari'a a 1921. Ya yi lauya, ya yi alƙali, ya zama magajin garin Dakar a 1945. Cikin watan Oktoba na shekarar aka zaɓe shi depite tare da Sangor, suka tafi majalisar Faris.

Dokarshi ta farko, ta ranar 7 ga Mayu 1946, aya ɗaya ce tak: mutanen ƙasashen ƙetare duka sun zama ƴan ƙasa daidai da Faransawa. Ta zo wata guda bayan dokar Hufuwet Bwanyi da ta soke aikin tilas. Sai dai sunan ɗan ƙasa ba ya ɗora tukunya. Daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi yajin aiki fiye da wata biyar, abin da suke nema shi ne a sa baƙi da fari cikin rukunin aiki guda.

Ranar 30 ga Yuni 1950 aka kafa doka ta biyu mai sunanshi, lokacin Jori Hamani yana wakiltar Nijar a majalisar. Ta hana a yanka wa ma'aikacin gwamnati albashi ko wani ƙari bisa launin jikinshi, ko asalinshi, ko wurin da aka ɗauke shi aiki. Inda gardama ta fi zafi shi ne kuɗin iyali. Masu adawa suka dinga lissafin ɗiyan mai mata huɗu da abin da baitulmali zai biya, kamar ɗan mace ta biyu ba ya cin tuwo.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta ƙi dokar fili ba, dabara ta yi mata. Ƙa'idodin zartarwa na 1951 suka kasa ma'aikata rukuni uku, na sama kuma ba a shiga sai da takardun karatu irin na Faransa, waɗanda ƴan Afirka kaɗan ne ke da su. Shingen da aka cire daga fata sai aka kafa shi bisa takarda. Shi ya sa maganar albashi ta koma maganar makaranta: ƙungiyoyin malamai da ɗalibai suka matsa a koyar da abin da ake koyarwa Faransa, a yi jarrabawa iri ɗaya, a ba da kuɗin karatu. Ma'aikatar magajin garin Dakar, a hannun Lamin Gey, ta ɗauki nauyin samari da dama zuwa Faransa. Cibiyar ilimi mai zurfi da aka buɗe Dakar a 1950 ta zama jami'a a 1957.

Manomi fa? Shi dokar ba ta ƙara mishi ko tamma ba. A zaɓen Yuni 1951, shekara ɗaya bayanta, mutanen karkarar Senegal suka bi Sangor, Lamin Gey ya rasa kujerarshi ta Faris.

A 1956 Faransa ta ga lissafin ya yi mata nauyi. Dokar Defer, wadda ta ba kowace ƙasa ɗan ikon kanta, ta aza mata biyan yawancin ma'aikatanta. Ga Nijar, wannan yana nufin albashin da aka auna da mudun Faransa za a fidda shi daga haraji da jangali da kuɗin gujiya. Lokacin samun ƴanci a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, kowane sabon aji kuma sai an tanadi albashin mushe irin wancan. Ba laifin wanda ya nemi haƙƙinshi ba ne. Amma tun nan iyaye suka riƙe cewa amfanin boko shi ne kujerar biro, aka bar koyon sana'a baya.

Lamin Gey ya shugabanci majalisar dokokin Senegal daga 1960. A watan Mayu 1968 ɗaliban jami'ar Dakar suka bar aji saboda an rage musu kuɗin karatu, ma'aikata suka bi bayansu da yajin aiki na gama gari. Rikicin bai gama lafawa ba ya rasu, ranar 10 ga Yuni.