Daga ƙasa bugu yake tashi: yadda ake zaɓen takalmin golf

A watan Afrilun 2022, ranar da Tiger Woods ya sake bayyana a filin Augusta da ke Amurka domin gasar Masters, idon 'yan jarida bai tsaya kan sandarsa ba. Ƙafarsa suka zuba wa ido. Mutumin da ya shafe sama da shekara 25 yana tallar kayan Nike, sai ga shi sanye da takalmin FootJoy. Dalilin da ya bayar ba ɓoyayye ba ne. Hatsarin motar da ya yi a watan Fabrairun 2021 ya ragargaza masa ƙafar dama, likitoci suka ɗaure ta da ƙarafa, motsinta ya ragu, don haka yake neman takalmin da zai tsayar da shi daram. Idan har gwanin gwanaye zai ajiye sunan kamfani ya bi abin da ƙafarsa take so, to mu da muke buga wasan ranar Asabar don motsa jini ba mu da hujjar sayen takalmi saboda tambarin da ke gefensa.

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, wasan hannu ne. Amma ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa. Badamen ɗan wasa, idan ya ɗaga sanda baya, nauyinsa yakan koma kan ƙafar dama. Idan ya sauko da ita, sai nauyin ya zubo kan ƙafar hagu, ƙugu ya juya, diddigen dama ya ɗaga. Yana danna ƙasa, ƙasa tana mayar masa da ƙarfin, ya bi ta gwiwa da ƙugu da kafaɗa har kan sanda, wadda a hannun ƙwararru takan wuce gudun kilomita 170 a awa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido ne. Tafin ƙafa ya zame ko da faɗin yatsa ɗaya, ƙwallo ta tafi daji, wani lokaci gwiwa ko baya su biya bashin.

Ga kuma tafiya. Tun 1764 da aka mayar da tsohon filin St Andrews na Sikotland ramuka 18, wannan adadi ya bi duniya sannu a hankali har ya zama ma'auni. Wanda ya zagaye su a ƙafa yakan taka kusan kilomita 8 ko fiye, cikin kimanin awa 4, hawa da gangara, ciyawa da yashi. Ƙafar da ke wannan aiki ƙasusuwa 26 ne a cikinta, da gaɓoɓi 33, da wata jijiya mai kauri da ta miƙe daga diddige zuwa gindin yatsu. Ita ce take kumbura ta hana mutum taka ƙasa da asuba idan an wahalar da ita. Ke nan aiki biyu ake nema a wurin takalmi ɗaya: ya riƙe ƙasa lokacin bugu, ya kuma lallaɓa ƙafa lokacin tafiya.

Shekaru da dama ƙusoshin ƙarfe ne a tafin takalmin golf. Suna kama ƙasa ƙwarai, amma suna yayyaga lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, suna kuma gajiyar da ƙafa. A farkon shekarun 1990 aka fito da haƙoran roba da ake murɗawa a cire, kafin ƙarshen shekarun kuma filaye da yawa sun hana ƙarfe. Sauyi na biyu ya zo a gasar Masters ta 2010, inda Fred Couples, mai shekara 50 kuma mai fama da ciwon baya, ya fito da takalmin kamfanin Ecco na Denmark, marar ƙusa, babu ko safa, ya kuma kammala ranar farko a kan gaba da bugu 66. Daga nan kasuwar takalmi marar ƙusa, mai ƙananan ƙuraje a tafi, ta buɗe.

To wanne ya fi? Ƙasar da za a taka ita ce alƙali. Mai haƙoran roba ya fi riƙo a jiƙaƙƙiyar ciyawa da gangare, kuma idan haƙoran suka cinye a sauya su, takalmi ya dawo sabo. Marar ƙusa ya fi sauƙin nauyi da daɗin tafiya, sai dai idan ƙurajensa suka goge, shi ke nan. A nan ne ya kamata ɗan wasanmu ya dubi yanayin garinsu. A filayen Kano da Kaduna, da rani ƙasa takan bushe ta zama kamar fako, haƙora ba su samun wurin shiga, sai su riƙa tokarar tafin ƙafa. Marar ƙusa ya fi dacewa da wannan lokaci. Amma da damina, ko da sanyin safiya a filin Rayfield na Jos mai tarihi tun 1913, ko a filin IBB na Abuja mai tudu da kwari, raɓa da santsi suna neman haƙora da fatar da ba ta shan ruwa. Mai hali ya ajiye biyu. Wanda ɗaya zai iya saya, ya zaɓi na lokacin da ya fi fita wasa.

Sai babban al'amari, wato awo. Kada a je sayen takalmi da safe. Ƙafa takan ɗan kumbura zuwa yamma, kuma haka za ta kasance a rami na 15. A tafi da irin safar da za a yi wasa da ita. A gwada ƙafa biyun a tsaye, domin yawancin mutane ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma babbar ake wa saye. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. Diddige ya zauna cif, ba ya fita yana komawa, don wannan gugar ce ke haifar da bororo. Faɗi ma abin lura ne: wanda ya tashi da silifa ko fade, yatsunsa sun saba da walwala, siririn takalmi zai matse shi komai tsawonsa. Lamba kuwa jagora ce kawai. Lamba 42 ta Turai kusan 8 ce ta Ingila, amma kowane kamfani da yankansa.

Kafin a biya kuɗi, a jarraba takalmin da hannu. A matsa bayan diddigensa: ya kasance da tauri. A lanƙwasa shi: ya karyo a daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. A murɗa shi kamar mai matse wanki: idan ya murɗu ba gardama, ba zai riƙe ƙafa lokacin juyi ba. Sannan a sa shi a kwaikwayi bugu a cikin shagon, ba kunya. Kada a yarda da zancen cewa zai saki daga baya. Fata takan ɗan saki, roba ba ta saki. Mai shafaffen tafin ƙafa ya nemi wanda ake iya cire shimfiɗar cikinsa a sa wadda likita ya ba shi. Mai ciwon suga kuwa ya ninka kulawa, domin ɗan ƙuje da bai ji zafinsa ba yana iya zama gyambo.

Da yawa cikinmu a gwanjo muke samun irin wannan takalmi, kuma babu laifi. Sai dai a sani, soson da ke tsakanin tafi da ƙafa yana mutuwa ko da fatar tana sheƙi, wani ma ajiya kaɗai kan sa ya ruɓe ya farfashe. A danna shi da yatsa a ga ko yana dawowa. A ajiye takalmin a kan tebur a dube shi ta baya: idan ya karkata, tafiyar wani ce a jikinsa, ita zai koya wa ƙafarka. Araha ba ta ado. Bayan wasa kuma a goge laka, a cusa masa takarda, a shanya a inuwa. Barinsa a but ɗin mota cikin zafin Afrilu yana ɓamɓare gam.

Akwai wanda ake mantawa da shi a wannan lissafi: yaron da ke ɗaukar jakar sanduna. Tafiyar da maigida ya yi, shi ma ya yi ta, da kaya a kafaɗa, sau da yawa da silifa, cikin ƙaya da ƙarangiya. Daga cikin irin waɗannan yara ƙwararrun 'yan golf da dama suka fito a Najeriya. Duk wanda ya fahimci abin da ramuka 18 suke yi wa ƙafa, ranar da ya sayi sabon takalmi, ya tambayi lambar wanda ke biye da shi.