Wainar Kyanwa da Kare

'Yan'uwana mata, kyanwa mai kore mana ɓeraye da kare mai gadin gida sun cancanci tukwici. Ku sami busasshen kifi, ku cire ƙaya sarai, ku daka. Ku haɗa da ƙwai 1 da garin gero ludayi 2, ku kwaɓa da ruwa, ku gasa ƙanana-ƙanana a tanda har su bushe.

Amma fa kada ku sa albasa ko tafarnuwa, ko da dafaffu ne. Suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin dabbar, ta yi laushi, fitsarinta ya yi duhu. Gishiri da yaji ma ku bar su. Saboda haka, sauran miyarmu ba abincinsu ba ne. Wasalam.