Karatun ƙwaƙƙwafi a ajin Ingilishi: yadda ake koya wa ɗalibi kafa hujja da abin da ke kan takarda

Duk lokacin da jarrabawar kammala sakandare ta gabato, kasuwar ƙananan littattafan taƙaita labari takan buɗe a bakin makarantu, daga Kumasi da Tamale har Kano da Yawunde. Ɗalibi ya sayi ɗan siririn littafi, ya haddace sunayen taurarin labari da jigonsa, ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙwarin gwiwa. Sai a ajiye masa waƙa ko guntun labarin da bai taɓa gani ba, a tambaye shi abin da marubucin yake nufi da kalma kaza a layi kaza. A nan hadda take ƙarewa.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma take shirya jarrabawa a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, tana saka irin waɗannan tambayoyi a darasin adabin Ingilishi. Ƙwarewar da suke aunawa ita ce wadda Turawan Ingila da Amurka ke kira close reading, wato karatun ƙwaƙƙwafi: ɗaukar ɗan gajeren rubutu, a karanta shi a tsanake fiye da sau ɗaya, a bi diddigin kalmominsa da ginin jimlolinsa, sannan a faɗi ma'anarsa tare da nuna inda aka samo ta.

Ga ƴaƴan Hausawa mazauna Gana da Kamaru da Chadi, waɗanda Ingilishi yake harshensu na biyu ko na uku ko ma na huɗu, wannan batu ya shafi makin jarrabawa kai tsaye, ya kuma shafi samun gurbi a jami'a.

Inda hanyar ta samo asali

A shekarun 1920 wani malamin Jami'ar Kambirij a Ingila, I. A. Richards, ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi bayan ya cire sunan mawaƙin da kan waƙar, ya ce kowa ya rubuta abin da ya fahimta. Ya tattara amsoshin da suka bayar kan waƙoƙi 13 ya buga su a 1929 cikin littafinsa Practical Criticism. Abin da ya gano ya ba mutane mamaki. Ɗaliban babbar jami'a, masu magana da Ingilishi tun daga gida, da yawansu sun kasa kama ma'anar fili ta waƙar da ke gabansu. Wasu kuma da sun ga an ambaci uwa ko mutuwa ko ƙasar haihuwa sai su zubo ra'ayin da suke da shi tun da, ba tare da sun duba abin da mawaƙin ya yi da batun ba.

A Amurka, Cleanth Brooks da Robert Penn Warren sun fitar da littafin koyarwa mai suna Understanding Poetry a 1938, wanda ya yaɗa wannan hanya a kwalejoji, daga nan ta gangaro makarantun sakandare. Ta sake samun ƙarfi a 2010, lokacin da aka fitar da ma'aunin karatu na Common Core, wanda jihohin Amurka fiye da 40 suka karɓa. Ma'aunin ya nemi ɗalibi ya riƙa kawo shaida daga cikin rubutu kan duk abin da ya faɗa.

Wanda ya yi lise a Nijar ko Chadi ko ɓangaren Faransanci na Kamaru ba zai ga wannan baƙon abu ba. Makarantun Faransa suna da tasu tsohuwar hanya, explication de texte, wadda ake dangantawa da masanin adabi Gustave Lanson, kuma ɗan'uwanta commentaire composé sananne ne ga duk wanda ya zauna jarrabawar BAC. Bambancin shi ne, a tsarin Faransanci an fi matsa wa ɗalibi kan tsara amsa kashi-kashi bisa ƙa'ida, a ajin Ingilishi kuwa an fi ba da ƙarfi ga tattaunawa da gajeren sakin layi mai hujja. Tushen dai ɗaya ne.

Abin da yaro ya riga ya iya

Malamai da yawa sukan fara da tunanin cewa ɗalibi bai san komai ba game da wannan fasaha. Alhali kuwa yaron da ya tashi a gidan Hausawa ya daɗe yana yin ta da kunne. A ce wata mata tana shara a tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce: "Wasu dai sun iya ci, ba su iya wanke kwano ba." Yarinya ƴar shekara goma ta san da wa ake. Ta san dalilin da ya sa aka ce "wasu" ba a kama suna ba, ta san aikin da "dai" ta yi a jimlar, ta kuma san me ya sa aka ɗaga murya daidai lokacin da wance take wucewa. Wannan shi ne karatun ƙwaƙƙwafi, sai dai na baka ne. Habaici da zambo da karin magana duk makarantarsa ce.

Haka nan wanda ya zauna a zauren malami ana biya masa littafi ya san yadda ake karanta guntun jimla, a tsaya, a warware ta kalma bayan kalma kafin a ci gaba. Aikin malamin Ingilishi shi ne ya nuna wa ɗalibi cewa wannan kaifin hankalin da yake amfani da shi a gida shi ake nema a kan takarda.

Yadda darasin yake gudana

Matakin farko shi ne zaɓen rubutu. Ba a yin wannan aiki da babi guda. Sakin layi biyu ko uku, ko waƙa mai layi goma sha huɗu, sun isa darasi ɗaya. Gajartar tana da amfani a makarantun da littafi ɗaya yake yawo tsakanin ɗalibai biyar, domin malami zai iya rubuta guntun a allo, ya sa wa kowane layi lamba, ɗalibai su kwafe a littafin rubutunsu su bar fili a gefe.

Daga nan a karanta sau uku, kowane karatu da tambayarsa. Na farko: me ya faru, wa yake magana, da wa? Malami ya karanta da ƙarfi, ya warware kalmomi uku ko huɗu da in ba a san su ba komai zai tsaya, ya bar sauran ɗalibai su hararo ma'anarsu daga maƙwabtansu. Na biyu: yaya marubucin ya faɗe shi? A nan ɗalibi yake jan layi a ƙarƙashin kalmar da aka maimaita, ya lura da inda jimla ta gajarce kwatsam, da inda aka sauya mai ba da labari, da abin da aka ƙi faɗa. Na uku: me ya sa ya faɗe shi haka, kuma me hakan ya ƙara wa ma'anar littafin baki ɗaya?

Misali daga littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958 kuma masu karatun Faransanci suka sani da Le monde s'effondre. A babi na bakwai ne ake kashe Ikemefuna, yaron da ya shekara uku a gidan Okonkwo yana ɗaukarsa uba. Ɗan littafin taƙaitawa zai ce Okonkwo ya kashe yaron don tsoron kada a ce masa rago, ya tsaya nan. Malamin da ke koyar da karatun ƙwaƙƙwafi zai sa ɗalibai su ƙirga. Layi nawa Achebe ya ɓata cikin zuciyar yaron yayin da yake tafe a daji da tulun giya a ka, yana tunanin uwarsa da ƙanwarsa, yana rera waƙa a ransa yana auna ta da takun ƙafa don ya san ko uwar tana raye? Layi nawa kuma ya ba kisan kansa? Ɗalibai za su ga cewa tunanin yaron ya ci wuri mai yawa, kisan kuwa ƴan gajerun jimloli ne. Za su kuma lura cewa saran farko ba a nuna shi ba: Okonkwo ya kau da kai, ƙarar ya ji, tulun ya faɗi ya fashe. Sai tambaya ta biyo baya: me ya sa marubucin ya zaunar da mai karatu cikin begen yaron kafin ya yanke shi? Amsar da ɗalibi ya gina da kansa a nan ba ya mance ta.

Ƙarshen littafin ma haka yake. Bayan babi 24 ana bin rayuwar Okonkwo, a babi na 25 labarin ya koma cikin kan Baturen mulki, wanda yake tunanin littafin da zai rubuta, yana ganin labarin wannan mutum zai iya cin babi guda, sannan ya rage shi zuwa sakin layi. Ɗalibin da ya lura da wannan ragi ya kama abin da Achebe yake faɗa game da wanda yake da ikon rubuta tarihin wani, ba tare da an yi masa lacca ba.

Mataki na ƙarshe shi ne rubutu. Ana horar da ɗalibi kan sakin layi mai ƙafa uku: abin da ya gani, kalmar ko layin da ya nuna hakan, da bayanin yadda kalmar ta haifar da ma'anar. Tambayar da ya kamata ta zama ruwan dare a ajin ita ce: "A wane layi ka ga haka?" Malamai da dama sukan bar ɗalibai su yi muhawara bibbiyu da Hausa ko Fulatanci ko duk harshen da suka fi sakewa da shi, sannan su rubuta da Ingilishi. Tunanin da ya nuna a harshen gida ya fi sauƙin juyawa.

Inda ake tuntuɓe

Hanyar tana da masu sukarta, kuma suna da gaskiyarsu. Tun a 1938 wata malama Ba'amurkiya, Louise Rosenblatt, ta nuna a littafinta Literature as Exploration cewa ma'ana tana samuwa ne a haɗuwar rubutu da mai karanta shi, don haka ba daidai ba ne a ce wa yaro ya ajiye rayuwarsa a bakin ƙofar aji. Akwai kuma matsalar sanin asali. Yaron Garwa ko Abeche da aka ba waƙa kan dusar ƙanƙara ko furen bazarar Ingila yana bukatar a fara gaya masa abin da ake magana a kai. Hana shi wannan bayani da sunan "komai yana cikin rubutun" zalunci ne.

Kuskure na biyu shi ne mayar da darasin farautar sunaye. Ɗalibi ya ce ga siffantawa, ga kamantawa, ga jinsintarwa, ya tsaya. Ambaton sunan adon harshe ba ya wadatarwa sai an faɗi aikin da ya yi a wurin. Na uku shi ne wuce gona da iri. In aka feɗe kowane shafi haka, littafi ba zai ƙare ba, kuma yaro zai tsani karatu. Malaman da suka goge sukan zaɓi wurare kaɗan masu nauyi a cikin littafi su yi musu ƙwaƙƙwafi, sauran a karanta su a guje don daɗin labari.

Abin da iyaye za su iya yi

Uba ko uwa ba sa bukatar jin Ingilishi kafin su taimaka. Ya isa su ce wa yaro ya ba su labarin abin da ya karanta da Hausa, sannan su tambaye shi yadda aka yi ya san haka, ya nuna musu wurin. Su tabbatar yana da ainihin littafin ko da na aro ne, ɗan littafin taƙaitawa ya zama ƙari. Minti ashirin kan sakin layi ɗaya da fensir a hannu sun fi awa biyu na hadda.

Ribar kuma ta wuce ɗakin jarrabawa. Ga al'ummar da take zaune a ƙasar da takardar fili da kwangilar haya da sanarwar hukuma duk suke zuwa cikin harshen da ba na gida ba, samun yaro ɗaya a gida wanda ya saba tsayawa ya duba wa ya ce, me ya ce, me kuma ya bari bai faɗa ba, kariya ce ga kowa. Wanda ya koyi tambayar dalilin da ya sa Achebe ya gajarta jimla, shi ne gobe zai tsaya kan kalma ɗaya a takardar bashi kafin mahaifinsa ya sa hannu, ko ya tambayi tushen saƙon da aka turo ta WhatsApp kafin a yaɗa shi a unguwa.