Sabon shokazoba a kan lalatacciyar ƙafa: Abin da masu sauke mota ƙasa suke mantawa

A garejojin Apo da ke Abuja, kamar a kasuwar Ladipo ta Legas, ana ƙara samun matasan da ke neman a sauya wa motocinsu ƙafa domin ta ɗan kwanta ƙasa, ta kuma daina layi a kwana. Abin da suke saye shi ne koyiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe jiki ɗaya, mai zare kamar na kusa, wanda ake murɗa zobensa a ɗaga mota ko a sauke ta. Kamfanoni irin su Tein na Japan da KW da Bilstein na Jamus sun yi suna wajen ƙera shi, akwai kuma masu araha da ba a san asalinsu ba.

Matsalar tana farawa ne idan motar ta zo da ciwo a ƙafar baya. Mai ita ya ji ƙara duk lokacin da ya faɗa rami, ya ga tayar baya ta karkace, sai ya yanke cewa shokazoba ce ta mutu, kuma tunda za a kashe kuɗi gara a sa na gayu. Sau da yawa ba nan cutar take ba.

Ɗauki Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2005, wadda ’yan kasuwa ke yi wa laƙabi da EOD. Kowace tayarta ta baya hannuwan ƙarfe biyar ne ke riƙe da ita, kuma akasarin mahaɗansu robobi ne da makanikai ke kira bushin. Waɗannan hannuwa su ne ke tsayar da taya a saitinta. Aikin sifirin ɗaukar nauyi ne, na shokazoba kuma kashe tsalle. Idan hannu ɗaya ya lanƙwashe sakamakon karo ko dukan rami, ko robarsa ta tsage, babu koyilobar da za ta miƙe shi, komai tsadarta. Hasali ma ƙara tona asirinsa take yi, domin sifirin ɗinta ya fi na kamfani tauri, don haka dukan da a da yake shanyewa yanzu kai-tsaye yake isa ga robar da ta riga ta gaji.

Sauke motar ma yana da nasa sakamakon. Da zarar ta yi ƙasa, saman tayoyin baya yakan karkata ciki, sai gefen ciki na taya ya riƙa cinyewa alhali na waje yana nan kamar sabo, inda ido ba ya saurin gani. A wannan ƙirar ta Accord kamfani bai bar wurin gyara wannan karkata ba, sai an sayi hannun sama mai saiti daban. Wanda bai sa wannan a lissafinsa ba, mai sayar da taya ne zai tuna masa.

Shi ya sa makanikin kirki yake fara aiki da bincike. Zai ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, ya girgiza taya don jin ko boris ya saki, ya sa ƙarfe ya ɗan banƙare kowace roba, ya gwada hannun dama da na hagu. Zai kuma duba jikin motar inda kan shokazoba yake ɗaure, domin motocin da suka fito daga yankunan sanyi na Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, sukan zo da tsatsa a nan. Irin wannan tsatsar ce ke manne kusar ƙasa da bututun da ke cikin roba, har sai an yanke ta. Wurin da tsatsa ta ci ya rarake, walda yake bukata kafin a ɗora masa komai.

Bayan an canza abin da ya lalace, dama da hagu tare, sannan ake ɗaura koyiloba. Akwai wani ƙaramin mataki da gaggawa kan sa a tsallake: kusoshin da suka ratsa roba ba a ƙarasa ɗaure su sai motar ta zauna da nauyinta a kan tayoyi. Idan aka ɗaure su ƙafa tana reto, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta tsage. Daga nan a auna tsayi daga tsakiyar taya zuwa bakin jiki a kowane ɓangare, a kulle zobba, a wuce wurin saitin tayoyi.

Sai batun nawa za a sauke. Titunan Maitama da Asokoro suna iya yaudarar mutum, amma motar da ke kwana a lungunan Nyanya ko Mararaba, ko take bin hanyoyin ƙauye da damina, tudun rage gudu da kwazazzabo ne ke jiranta, kuma salansa da kaskon mai su ne na farko da za su sha duka. Koyiloba dai tana murɗuwa sama kamar yadda take murɗuwa ƙasa, sai dai duk lokacin da aka taɓa tsayin, dole a sake komawa wurin mai saiti a sake biya.